Takardar Tabar Kakata

Ban san fuskar mahaifiyata ba. Ta rasu ina rarrafe, kuma ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ko da na katin ɗan ƙasa. In na tambayi mutanen unguwarmu a Keita yadda take, kowa da irin amsarsa. Wannan ta ce doguwa ce, waccan ta ce gajera ce amma tafiyarta ta dogaye ce. Wani tsoho ya daɗe yana tunani, sannan ya ce mini tana da hanci. Na yi masa godiya sosai, don da can ina cikin shakka.

Kakata, wadda ta haife ta kuma ta raine ni, ita kaɗai ke da abin nunawa. Yana cikin wani kwano mai murfi a ƙarƙashin gadonta. Ba a daɗe da rasuwar ba ta je kasuwa sayen tabar da take taunawa, mai tabar ya ƙunshe mata a wata takarda da ya yago daga tsohuwar mujallar nasara, wato Turawa, irin waɗanda aka zubar lokacin da aka kwashe wani buro, ofishin furoje mai aikin gyaran ƙasa. Da ta dawo gida ta warware ƙunshin, sai ga ɗiyarta a kan takardar. Maƙwabta sun ce ihun da ta yi ranar sai da awaki suka tsinke igiya.

Zane ne na baƙi da fari. Wata mace ce ta fito daga cikin duhu, ta ɗan sunkuyar da kai, tana ɗauke da farin wata kamar yadda ake ɗaukar ƙwarya, ga wasu ƙananan kifaye suna iyo a iska kusa da kafaɗarta. A kumatunta na hagu akwai bille, ya gangaro daga gefen hanci. Kaka ba ta damu da watan ba, balle kifayen. In na tambaye ta me ya kai uwata cikin kifi, sai ta ce, "Kai ka taɓa zuwa can inda take, da za ka ce babu kihi?"

Duk ranar Juma'a da hantsi takan jawo kwanon, ta shimfiɗa takardar a cinya, ta kira ni. "Maigida, taho ka gaida uwakka." Maigida take ce mini, ni kuma in ce mata amarya, ko da yake amaryar tawa haƙoran da suka rage mata ba za su ishi ɗan tsako ba. Wata maƙwabciyarmu ta sha gaya mata hoton aljana ne, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Kaka ta ce shi ya sa ta rufe da murfi.

Ni ba wawa ba ne, na san ba uwata aka zana ba. Kaka ma ta sani. Ta ce Allah ne ya yi fuskar sau biyu, ya ɗauke ɗaya ya aiko mata da ɗaya a cikin taba. Wannan takardar kuwa ita ce kaɗai wurin da nake duba in ce Inna.

A shekarar da na shiga lise, babbar sakandare, abubuwa biyu suka fara mutuwa tare. Takardar ta yi ja kamar an jiƙa ta a shayi, gara ta shiga kwanon ta cinye kifayen ɗaya bayan ɗaya, babban yatsan Kaka kuma ya goge rabin goshin. Idon Kaka shi ma ya kama hanya. Lokotoro, likitan asibiti, ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa, na hagu ya riga ya tafi, na dama yana biye. Na zauna a aji ana karatu, ni kuwa abu ɗaya nake juyawa a kai: in takardar ta ƙare, idon Kaka ya ƙare, uwata ta sake mutuwa ke nan, kuma wannan karon da wayona.

Na fara da fotokopi. Da ƙyar Kaka ta ba ni aron takardar, bayan na rantse da duk abin da ake rantsuwa da shi har da wanda ba a yi. Abin da injin ya fitar ya yi kama da gindin tukunya. Da mai injin ya danna murfi ya sake gwadawa, sai takardar ta rabe a ƙasa, wajen kafaɗa. Kaka ta liƙe ta da ƙaro, amma satin nan duka ba ta kira ni maigida ba, da na gwammace ta zane ni da tsumagiya. Na ari wayar wani abokina na ɗauki hoton takardar na nuna mata. Ta kai wayar har kan hancinta, gilashin ya mutu, ta ce, "Wata tsohuwa nika gani mai muni."

Hoton nan na cikin waya shi na kai wa malaminmu na Faransanci, da muke ce wa mushe, bayan an tashi. Mutum ne mai haƙuri, don ya shekara yana koyar da ni bai gudu ba. Ya tura hoton cikin wayarsa don ya nemo irinsa a intanet, muka tsaya ƙarƙashin iccen bedi muna jiran rezo, sabis ɗin waya, har na ji gemu na shirin fito mini. Can sai ga ta. Gilashin wayar mushe ya tsattsage kamar ƙasan tabki da rani, amma na gane watan, na gane kifayen, na gane sunkuyon. Sai na zauna a ƙasa.

Mushe ya ce wani mai zane ne na Faransa da ya mutu tun kafin a haifi Kaka. Shi da ire-irensa ba sa zana abin da ido ke gani, abin da mutum ke gani a mafarki suke zanawa. Kuma ba a kan takarda ya zana ba, a kan shafaffen dutse ya zana da wani alli mai maiƙo, a shafa tawada, a danna takarda a kai, hoto ya fito. Da na kai wa Kaka wannan labari ta riƙe haɓa. Ita tana cikin matan da suka yi shekaru suna jidar duwatsu a ka lokacin da furoje ke gina shingen tare ruwa a kan tuddai. Ta ce, "Duk dutsin da na ɗauka, ba wanda ya ce mani ana hiddo mutum daga ciki."

Abin da ya hana ni sukuni shi ne sauran bayanin mushe. Akwai wani kanti can Faransa da ke buga irin waɗannan zane-zane a kan takardar auduga mai kauri, da tawadar da rana ba ta ci. Sun ce in an kula da ita takan fi mai ita daɗewa a duniya. Ya nuna mini kuɗin, na sake zama a ƙasa. Bayan kuɗin kuma suna son katin banki, suna son sunan titi da lambar gida. Gidanmu kuwa yadda ake kwatanta shi, bayan masallaci, kusa da inda jakin mai ruwa ya mutu. Mushe ya yi dariya har da tari, sannan ya ce ƙanensa na karatu a can, zai zo hutu da damina. Shi zai saya da katinsa, ya riƙo har Yamai, ya sa a mota zuwa Madawa wurin kawuna. Nawa kawai in kawo kuɗin.

Da aka ba da hutun bazara na tafi wurin kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ke sayar da buhunan zuba albasa a Madawa. Ya haɗa ni da masu lodi a Sabon Gida. Buhun albasa na can ya fi ni tsawo, ya fi ni nauyi, kuma ina jin ya fi ni hankali, don shi ba ya zuwa ko'ina sai an ɗauke shi. Na yi ta dako daga rumfa zuwa kamiyo, babbar motar kaya, har wuyana ya shige cikin kafaɗa. Warin ya kama ni yadda har yau in na yi gumi mata kan leƙo su ga wa ke soya miya. Amfanin albasa ɗaya ne, in ka tuna abin da ya dame ka ka yi kuka, ba mai tambayar ka dalili.

Na dawo Keita na damƙa wa mushe kuɗin, na shiga gida. Na tarar da Kaka a tsakar gida tana yi wa turmi sannu da zuwa. Ni take zato. Na tsaya a bayanta na ce, "Amarya, daga tafiyata har kin yi sabon miji?" Ta juyo tana dariya tana zagina, amma sai da ta yi ta karkata kai kafin ta same ni. Ta ce yanzu duniya ta koma mata kamar mai leƙe ta cikin kara, abin da ke tsakiya kaɗai take gani, kuma ramin kullum ƙara tsukewa yake.

Daga nan na zama bala'i ga mushe. Da safe ina ƙofar aji, da rana ina bakin kekensa. "Mushe, ya saya?" "Mushe, ya taso?" "Mushe, jirgin ba ya faɗuwa dai ko?" Har ya kai in ya hango ni sai ya shige buron direkta. Kafin a rufe lakwal mu tafi babban hutu ya kira ni ya ja mini kunne: in takardar ta zo kada a taɓa fuskar takardar da hannu, kada a ninke, kada a bar ta a rana, kada ruwa ya kusance ta. Na haddace wannan fiye da duk abin da ya taɓa koya mini.

Damina ta yi nisa, gero ya kai ƙugu, sannan kawu ya kira wayar maƙwabcinmu ya ce saƙo ya iso. Washegari na hau motar kasuwa ta Buza, daga can na sami wata zuwa Madawa. Na isa rumfar kawu ina haki, yaron rumfar ya ce ai kawu ya tafi da takardar wurin mai filastik.

A wajenmu duk takardar da ke da daraja sai an liƙe ta cikin filastik da zafi: takardar haihuwa, ta gona, ta jarrabawa. Da kawu zai samu, har ni zai liƙe. Ban san lokacin da na zubar da takalmi ɗaya ba. Na yi gudun da ya sa wani ɗan kabu-kabu ya tambaye ni ko ɓarawo ne a gaba ko a baya. Na same su a wata rumfa kusa da ofisoshin gwamnati. Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, shi ya sa ba a fara ba, kuma ban taɓa yi wa ɗaukewar wuta addu'ar alheri ba sai ranar. Mai filastik yana riƙe da almakashi, yana bayanin cewa takardar ta fi bakin injinsa faɗi, sai an rage gefe da gefe.

Na yi ihu, "Kawu, don girman Allah!"

Kawu ya ce, "Kai, ɗan nema, gyara nika yi maka. Takarda tsirara haka, kwana nawa za ta yi?"

Na ce an ce za ta fi mu daɗewa, in dai ba a gasa ta kamar tsire ba. Na naɗe ta da bakin rigata ba tare da na tsaya kallo ba, don na yi alkawari a raina tare da Kaka za mu fara gani, na mayar da ita cikin dogon kwalinta mai kama da bututu. Kawu ya yi fushi kaɗan, sannan ya ce zai raka ni, dama yana son ya ga tsohuwa.

Tsakanin Buza da Keita muka tarar da ƙorama ta kawo. An yi ruwa can kan duwatsu, motoci sun tsaya, direbanmu ya kashe mota ya shimfiɗa tabarma. Aka ce wataƙila gobe ta janye, in ba a ƙara wani ruwan ba, ga shi kuwa gabas ta yi baƙi. Masu gaggawa suna ƙetarawa da ƙafa su hau wata motar a wancan gefe. Ni dai na ga kamar kowane yini guda ramin karan nan na Kaka yake cinyewa. Na tuɓe riga na naɗe kwalin, kawu ya ƙara da buhu, na ɗora a ka na shiga. Ruwan ya kai ƙirji, ja wur, yana jan ƙafafuna kamar yana da tsohuwar gaba da ni. Kawu na riƙe da wandona ta baya yana salati, ni kuwa ina ta ce masa in na nutse ya bar ni ya kama kwalin. Ya ce in yi shiru, dama shi zai kama.

Mun isa gida da la'asar. Na wanke hannu kamar mai alwalar shiga Aljanna, na shimfiɗa sabon zanen Kaka a inuwa, na warware takardar a kai. Ban taɓa ganin baƙi irin wannan ba, kamar ka zura hannu ciki. Watan yana haske. Kifayen da gara ta cinye duk sun dawo, har da wasu da ban taɓa sanin da su ba. Kaka ta durƙusa ta kai fuskarta kusa, tana bin hoton da kai a hankali, daga watan zuwa goshi, daga goshi zuwa haɓa. Ta daɗe. 

Ta ɗago ta ce, "Kyakkyawa ta. Amma wagga ba ɗiyata ba ta. Ina billenta?"

Na duba. Kumatun sumul, babu ko ɗigo. Na ruga na jawo kwanon, na ɗora tsohuwar kusa da sabuwar, sai a lokacin na gane. Billen da na taso ina gani ba mai zanen ne ya yi shi ba. Wurin da mai taba ya ninke takardar ne, taba da kanwa suka shiga ninkin suka yi baƙi. A wayar mushe kuwa tsagar gilashi ta yi yawa, ban lura babu shi ba.

Na zagaya bayan rumbu na yi kuka, kuma babu albasa kusa da zan ɗora wa laifi. Na sayo wa Kaka wata baƙuwa da gumina, na ratsa ruwa da ita, ga idon yana rufewa, babu lokacin sake komai.

Ina can na ji kawu yana cewa a kawo bik, alƙalamin rubutu, a ja layi kawai. Kaka ta ce masa, "Kai ma da bik anka yi naka? A kira wanzami." Na fito da gudu na tare takardar da hannu biyu. Na zazzage musu duk abin da mushe ya ce, na ƙara da nawa, na ce in aska ta zarce shi ke nan, ba a ɗinke takarda. Kaka ta laluba ta kama wuyan hannuna. Ta ce, "Maigida, ita takardar an ce tana da shekaru gaba. Ni idon nan ba shi da su. Bari in ga ɗiyata." Na saki.

Da safe wanzami ya zo da zabirarsa. Shi ya yi wa uwata bille tana jaririya, ko da yake ya ce bai tuna ba, don rabin garin ya bi ta hannunsa. Ya tsufa, hannunsa na rawa yadda in ya riƙe ƙwaryar nono zai iya fitar da mai. Da ya ji aikin ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Tun da nike ban taɓa yi ma takarda bille ba. To ina ragon suna?" Kaka ta ce ya ci nasa tun wancan karon.

Aka zaunar da kawu a gabansa, don billensa ɗaya da na uwata, na gidansu ne. Aka ɗora takardar a kan wani shafaffen katako, na danne gefunan da tsumma. Wanzami ya dubi kumatun kawu, ya dubi na matar, ya yi bisimilla, ya ɗora aska. Na rufe ido ɗaya, ɗayan ya ƙi rufuwa. Na ji ɗan sautin askar, siririyar ƙara kamar ana yage ganye. Takardar na da kauri, ba ta huje ba. Amma can ƙarshe hannun ya yi rawa, billen ya ɗan karkace wajen baki. Na ce wayyo. Ya lakato baƙin tukunya da ɗan yatsa ya cusa a tsagar, ya hure sauran.

Kaka ta matso. Ta leƙa ta ramin karanta, sannan ta ɗora babban yatsa a gefen hancin, yatsan nan mai taba da man gyaɗa da aka ce kada ya kusanci takardar, ta gangara da shi a hankali. Da ta kai wurin karkacewar ta tsaya.

Ta ce wa wanzami, "Wancan karon ma nan ka karkace. Ta juya kai tana kuka." Wanzami ya ce to ai ga shi, laifin yarinyar ne. Kawu ya juya baya yana gyaran hular da ba abin da ya same ta.

Kaka ta ce, "Maigida, taho ka gaida uwakka." Na durƙusa na ce Inna ina kwana, muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

Bayan an gama girbi idon ya rufe gaba ɗaya. Hoton yana cikin akwatin ƙarfe tsakanin zannuwa biyu, don babu kwanon da zai ɗauke shi, ni kuma nake gadin gara kamar soja. Kumatun hagu ya riga ya fara duhu saboda yatsa. Da mushe ya gani ya dafe kai, ya ce in masu kantin suka ji labari za su suma, sannan ya tambaya ko shi ma zai iya taɓawa.

Duk Juma'a da hantsi nakan fito da shi in ɗora mata a cinya. Wani lokaci takan ɓata hanya, ta kama watan ko wani kifi tana ta shafawa, in ce, "Amarya, wannan kifi kike gaisarwa." Sai ta zage ni, in kama yatsanta in kai shi gefen hanci. Daga nan ita ke gangarawa da kanta.